Kwana Biyun da Na Ce

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin wankin ciwo a Birnin Kebbi ya san kaka ba lokacin hutunsa ba ne. Manoma na murna shinkafa ta nuna, mu kuma muna wasa almakashi. Daga ranar da aka sa lauje a fadamar Zauro har a gama bugu, babu zama. Wannan ya yanke yatsa, wancan ya taka lauje, wani ɗan'uwansa ne ya share masa ƙwauri garin gaggawa. Kuma babu mai zuwa da ciwonsa tsirara. Sai an cusa toka, ko garin bagaruwa, ko ganyen da aka tauna, an ɗaure da tsumma, sannan a kawo maka a ce ka ɗinke. Rabin aikinka tonon abin da suka zuba ne.

A lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, komai daga can ake aiko mana: zare, allura, auduga, har aidin na shafa wa ciwo. In mota ta zo, mu yi 'yan kwanaki muna facaka. In ba ta zo ba, mu dafa kayan jiya a kan risho mu sake aiki da su. Likita ɗaya ne a asibitin da nake. Shi ne na masu haihuwa, shi ne na tiyata, shi ne kuma ake kira taro Sakkwato. Saboda haka ɗinki, in dai bai kai ga ƙashi ko hanji ba, namu ne mu malaman asibiti.

Ubana tela ne a unguwar Nasarawa. Ya so in gaje shi, na ƙi, na ce boko zan yi. Ranar da ya ji aikin da nake yi a asibiti ya yi dariya har ya ajiye almakashi, ya ce ashe guduna na banza ne, yadin kawai na canja. Ko da yake yabon kai jahilci ne, hannuna yana da kyau a ɗinki, kuma na san da haka. Bakina ne ba shi da kyau. In na gaji ba na iya doguwar magana da mara lafiya, sai in yanko masa abin da zai yi a taƙaice in ce na gaba ya shigo. Sistar da ke shugabancin ɗakin ta sha yi mini faɗa a kan wannan. 'Yar kudu ce, ta biyo mijinta da ke sayar da kayan mota, a kasuwa ta koyi Hausa har ta fi wasu 'yan gari iya tsiya da ita. Takan ce ni tela ne mai ɗinka riga ya jefa wa mai ita a fuska.

Ranar da nake son faɗi Talata ce, likita ya tafi Sakkwato. Tun safe nake tsaye, ban ci komai ba sai kunun da na sha a gida, bayana kamar an ɗora mini buhu. Bayan azahar aka shigo da wani dattijo, dogo, baƙi, gemunsa ya fara furfura, ƙanensa na riƙe da shi. Mutumin Argungu ne. Ya zo Zauro ya taya ƙanen nan yankan shinkafa, don shi tasa ba ta gama nuna ba. Ya sa hannun dama zai ɗaga dami, ashe wani ya bar laujensa a ciki. Lauje cikin naɗi da muke faɗa a magana, shi a tafin hannunsa ya gan shi. Ya share shi tun daga gindin babban yatsa har kusa da ƙaramin.

Na kwance tsumman, gefen rawaninsa ne aka yaga. Ciki kuwa ga laka, ga toka, ga ƙaiƙayi. Na fara mita kamar yadda na saba, ina cewa ku dai ba kwa jin magana, in za ku iya maganin me ya kawo ku. Ƙanen ya soma ba ni haƙuri. Shi dattijon ya dai miƙa mini hannun, ya kau da kai yana kallon taga. Na ce ya motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, duk suka motsa. Na ji daɗi, don jijiyoyin ba su tsinke ba. Na yi masa allurar kashe zafi da ɗan ragowar da muke da shi, na zauna wanki. Na wanke da ruwan gishiri, na sake wankewa, na tsince ƙaiƙayin ɗaya-ɗaya, na datse naman da ya mutu. Maganin ya saki kafin in gama, na gane haka ne daga gumin da ya karyo masa a goshi, amma ko tsaki bai yi ba. Raina ya yi sanyi da shi, har na daina mitar.

Ciwon da laka ta shiga ba a rufe shi ruf. In ka rufe, ka kulle ƙazanta a ɗaki ke nan. Sai na yi masa ɗinki sama-sama, 'yan ƙulli kaɗan da tazara, na bar kafa a gefe guda. A kafar na cusa wani siririn ƙyalle mai tsabta da muke ce wa lagwani, don ya riƙa jawo ruwan ciwon waje. Lagwani amfaninsa na kwana biyu ne. Bayan nan dole a zare shi a duba ciwon, in ya yi kyau a ƙarasa ɗinki, in ya fara ruwa a warware a wanke. In ya wuce haka a ciki, shi kansa ya zama cuta. Na yi masa allurar rigakafi da ta fenisilin, na naɗe hannun da bandeji, na rataye masa shi a wuya. Har yau in na tuna aikin nan ban ga inda na yi kuskure da hannu ba.

Sannan na yi masa gargaɗi biyu. Na farko na yi shi da ƙarfi, har da nuna yatsa, don na san halin mutanenmu: kada ya kuskura ya kwance bandejin nan, kada ruwa ya taɓa, kada kowa ya zuba masa komai, ko da wane ne. Ya ce ya ji. Na biyun na faɗe shi ne ina wanke hannu, na ba shi baya, ina leƙen layin da ke jirana a baranda.

Na ce, "Baba, ka komo bayan kwana biyu in duba."

Ya ce, "To, Malam, Allah shi yi albarka. Sai an kwana biyu ke nan."

Na ce, "I, sai an kwana biyu."

Na ji abin da ya ce da kunnena, na kuma maimaita masa. Na rubuta ranar Alhamis a katinsa da lambobin boko na miƙa wa ƙanen, ya ninke ya sa a hula. Daga shi har wan babu mai karanta boko, ni kuwa ban tambaya ba. Na ce na gaba ya shigo.

Alhamis ta zo ta wuce ban gan shi ba. Da zan ce na damu, da na yi ƙarya. Na tuna shi da la'asar ina harhaɗa kaya, na ce a raina ga wani kuma ya tafi wajen mai ganye. Haka suke yi, ka ɗinka su ɓace, sai wata shekara ka ga mutum a kasuwa da zarenka a ƙafa. Na yi tsaki na tafi gida. Ba mu da hanyar neman mara lafiya, kuma ko da muna da ita, a kakar nan ban da ƙarfin bin kowa.

Sai ran Alhamis ta sama suka dawo, kwana tara ke nan. Wari ne ya riga su shigowa. Dattijon ya rame, idanunsa sun faɗa, jikinsa zafi rau. Hannun ya kumbura har gwiwa, ga kaluluwa a hammata. Bandejin da na naɗa yana nan yadda na naɗa shi, ƙullina ne, na gane shi, sai dai ya yi baƙi ya ƙandare. Da na gan shi haka sai raina ya ɓaci, na hau dattijon da faɗa a gaban mutane. Na ce wane irin taurin kai ne wannan, na ce ya dawo bayan kwana biyu ya tafi ya yi zamansa, yanzu ga abin da ya jawo wa kansa. Ya bari har na gama, sannan ya yi magana a hankali, muryarsa duk ta dushe.

Ya ce, "Malam, ai kai kac ce sai an kwana biyu. Na ga an kwana biyun, shi na na taho."

Ban gane ba da farko, har na buɗe baki zan ci gaba. Sista ce ta ajiye tiren da ke hannunta ta zo kusa da ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni da me da me na ce masa, na faɗa mata.

Ta ce, "Kai Bahaushe ne ko ni? Kwana biyunku ai wata ne, wani lokaci shekara. Me ya hana ka ce masa jibi?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ita da ta koyi Hausa da girmanta ta san ramin da ke cikin maganar, don ta taɓa faɗawa. Ni da aka haifa a ciki na taka shi ban gani ba. A makarantar koyon aiki da Turanci aka koya mana awa arba'in da takwas, na juya shi a kaina ya zama kwana biyu, na miƙa wa dattijon da tun yana yaro in aka ce kwana biyu ya san ana nufin a ɗan jima. Jibi, kalma ɗaya, ko yaron goye ya san ta.

Ƙanen ne ya ba ni sauran labarin ina yanke bandejin. A ranar da aka yi ɗinkin suka sa shi a mota ya koma Argungu ya huta. Kwana uku hannun ya fara zugi, ya ce ciwo in zai warke dama sai ya yi zugi. Da zazzaɓi ya zo, iyalinsa suka ce a kwance a gani, ya ce Malam ya hana. Wani maƙwabcinsa mai maganin gargajiya ya kawo gari, ya ce a mayar masa. Aka ce to a je asibitin Argungu, ga shi kusa, ya ce wanda ya ɗinka shi ke warwarewa, ba zai kai aikin wani ga wani ba, raini ne. Duk abin da na hana bai yi ba. A shekarun da na yi ina aikin nan ban taɓa samun mai jin magana kamarsa ba, kuma jin maganar ce ta cuce shi.

Da na zare lagwanin sai mugunya ta biyo shi. Na warware ƙullin da na yi da hannuna, naman ya buɗe, launinsa ba na mai rai ba. Yatsu biyu na ƙarshe sun yi baƙi, sun yi sanyi. Na ce ya motsa, babban yatsa kaɗai ya amsa. Allah ya sa likita yana gari. Ya duba, ya ɗago ya kalle ni, ya karanta katin, ya ga Alhamis ɗin da na rubuta, sai ya girgiza kai ya ce mutanen nan ba sa zuwa a kan lokaci. Ban gyara masa ba. Sista tana bayana, na ji idonta a ƙeyata. A takarda ba ni da laifi ko kaɗan.

Da la'asar aka shiga da shi tiyata. Likita ya tsaga tafin da dantsen ya fitar da abin da ya taru, ya cire yatsu biyun. Ya ce in zazzaɓin bai sauka ba zuwa jibi, sai dai a yanke daga gwiwa. Jibi ya ce, shi da ba Bahaushe ba. Na kasa cin abinci a kwanakin nan. Na riƙa zagawa ɗakin maza ina taɓa goshinsa kamar ni ne mai jinyar. Ran Asabar da safe na same shi zaune yana shan koko da aka riƙe masa, jikin ya yi sanyi. Hannu ya tsira daga wuƙa.

Wajen wata ɗaya da rabi ya yi a wurinmu, kuma ni na karɓi wankin ciwonsa, ban bar wa kowa ba. Kullum da safe in jiƙa audugar jiya in ɓare ta a hankali, in wanke, in sake cusawa. Irin wannan ciwo ba a ɗinka shi kuma, daga ƙasa yake cikowa da kansa, kaɗan-kaɗan, sai ka yi mako kana kallo kamar ba ya motsi. Yana cikowa yana jan yatsun da suka rage, suna lanƙwashewa ciki. Na riƙa miƙe su ina murzawa, yana cije leɓe, washegari in tarar sun koma. Na san inda abin zai ƙare, na dai ci gaba da murzawa don ban san me zan yi ba in na daina. Shinkafarsa ta Argungu ta nuna yana kwance, 'yan'uwa suka yi gayya suka yanke masa.

Wata safiya, ina cikin naɗa bandeji, na faɗa masa. Na ce laifina ne, jibi nake nufi, bakina ne ya ce kwana biyu. Na yi zaton zai yi fushi, kuma wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya kalli hannun.

Ya ce, "Ashe jibi kaka nuhi." Sannan ya ce, "To, Malam, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Kai dai ka yi aikinka. Ɗaure mu gani."

Bai sake tayar da maganar ba har aka sallame shi. Ranar tafiya ƙanen ya kawo mini kwaryar shinkafa sabuwa, na ce ba zan karɓa ba, dattijon ya ce in na ƙi na raina shi. Na kai gida, maiɗakina ta dafa, na ce cikina ba daɗi.

Daga nan na canja baki. Ban sake ce wa mara lafiya kwana kaza ba. Sai in ce jibi, ko gata, ko ranar Jumma'a kafin masallaci, in kuma sa shi ya maimaita mini, in sa wanda ya rako shi ma ya maimaita. Layi ya riƙa tsawo, mutane suna ƙorafi wai na cika surutu. Sabbin malaman da aka kawo suka riƙa yi mini dariya a bayan ido. Gajiyar ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi, ga tsayuwa ga magana. Sista ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta kuma taɓa cewa na kyauta ba.

Bayan kamar shekara biyu aka mayar da ni Argungu. Na yi watanni ina cewa zan nemi gidan dattijon ina fasawa. Wata Jumma'a na ga ƙanen a bakin masallaci, ya zo ziyara daga Zauro, ya kama hannuna ya ce sai mun je. Gidan yana can wajen gangaren gulbi. Muka tarar da dattijon a zaure a kan tabarma da maƙwabtansa uku. Ya yi murna ƙwarai, ya riƙa gaya musu ga malamin da ya yi wata da rabi yana wanke masa hannu bai taɓa ƙyama ba. Suka yi ta sa mini albarka, ni kuma ina kallon ƙasa. Hannun yana cikin hannun riga. Da muka gaisa ya miƙo mini shi a dunƙule, na riƙe wuyan hannun. Na tambayi aiki, ya ce noma sai dai ya tsaya a kan yara ya nuna, lauje ba ya kamuwa, amma an gode Allah.

Muna cikin hira aka fito da akushin tuwon shinkafa da miyar kuka da kifi. Aka ajiye a tsakiya, aka zagaya da ruwan wanke hannu, kowa ya matso. Dattijon ya tura mini akushin gabana, ya ce in ci sosai, kifin na gulbinsu ne, ba irin na Birnin Kebbi ba. Na ce bismilla, Baba. Ya ce shi ya riga ya ci. Ya dafa bango ya miƙe, ya ce bari ya duba awaki, ya shige cikin gida. Babu wanda ya tsayar da shi, babu wanda ya ɗaga kai. Na ce wa ƙanen ai da mun jira shi ya dawo. Ya gutsuro tuwo, ya yi ƙasa da murya.

Ya ce, "Ba shi komowa sai an ɗauke akushi. Shekara talatin nan zauren yaka cin abinci da mutanen ga. Tun da abin ga ya hwaru, ciki yaka ci, shi kaɗai. Ya ce ba shi sa hagu cikin akushin jama'a."

Hannuna yana cikin miya lokacin da ya faɗa. Ba a tashi daga akushin mutane a bar shi cike, balle baƙon da aka yi tuwon dominsa. Na zauna na ci tare da su har muka ga gindin akushin. Da aka ɗauke, dattijon ya fito ya koma wurinsa, ya tambaye ni ko na ƙoshi. Na ce na ƙoshi.